Jan Hatimin da Na Buga a Kan Kyauta

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata, mu uku ne a ofis: ni, da Dakta shugabar sashenmu, da wata baƙuwa riƙe da leda. A lokacin ni ne akawun sashen noma na wata jami'a, ina zaune a Tudun Wada. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma takarda ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ƙa'idata uku ce: a rubuta, a buga hatimi, a kulle.

Ga yadda abin ya faro. Da farko jami'a ta rage wa Dakta darussa na zango guda don ta rubuta littafi kan adana hatsi, wanda kowa zai iya kwafa, ya fassara, ya gyara. Na biyu, aka sa shi a intanet, aka buga kaɗan na rabawa. Na uku, kwalin littattafan ya iso teburina. Na ji sharaɗin a wurin taro, amma na ɗauka kara ce irin ta malamai. Na ɗauko jan hatimina mai cewa an hana kwafa, na bi littattafan ɗaya bayan ɗaya, a ganina gata nake yi mata.

Baƙuwar malamar ajin yaƙi da jahilci ce a Kakau, mutuniyar Filato. Ta fito da littafin daga leda, bangonsa ɗinke da zaren buhu, shafukan sun yi laushi kamar tsumma. Ta ce shekara biyu ke nan shi kaɗai gare su. Da ta ga hatimin sai ta hana a kai shi fotokwafi, don ba za ta koya wa ɗalibanta cin amana ba. Ta riƙa karantawa tana juya shi da Hausa, matan ajin suna haddacewa. Nan take ta kawo mana babin ƙwarin masara da ka, Dakta na bi da yatsa, ba ta tsallake layi ba. Roƙonta ɗaya ne: shafi huɗu sun ɓace, ga kaka ta matso, a ba ta izinin kwafa kafin sauran su bi su.

Dakta ta dubi hatimin, ta dube ni, ta tambaye ni yaushe ta ɗauke ni gadin abin da ta bayar sadaka. Baƙuwar ta yi dariya, ta ce ai Baba ya iya buga hatimi, ruwan sama ma ya daki littafin bai goge shi ba. Ni kuwa ban taɓa ganin mai girmama doka kamar matar nan ba, alhali dokar ni na ƙage ta.

Dakta ta ba ta sabo, ta kuma nemi fassararta don a sa a intanet da sunanta. Ranar na gane ba kowace amana ake riƙewa da kwaɗo ba. Akawu, ka karanta kafin ka buga.

Kwali guda na buga wa hatimi, littafi ɗaya tak ya dawo. Mai karatu, idan koren littafin adana hatsi mai jan hatimi yana hannunka, don Allah ka soke hatimin da biro, ka kwafa, ka ba maƙwabcinka.