Sunaye Biyu a Takardun Bushra

Malam Mati Gozaki yana da shekara hamsin da biyar, kuma shekara ashirin da shida ke nan yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke bakin titin Funtua a Malumfashi. Da tafireta ya fara, yanzu kwamfuta biyu gare shi da injin kwafar takardu. Matarsa Suwaiba ta rasu shekara uku da suka wuce. Babban ɗansa Kamalu yana tuƙin mota a Fatakwal, sai da Babbar Salla ake ganinsa. Gidan ya rage mutum biyu, shi da autarsa Bushra.

Duk ɗalibin da ya samu gurbin karatu a ƙasar waje, daga Kafur har Dandume, shagon ake nuna masa. Malam Mati ba dillali ba ne, ba ya yi wa kowa alkawarin biza. Zaunar da yaro yake yi a benci ya ce ya fara da fasfo, don shi ne mai cin lokaci. Ya rubuta wa jami'ar da kansa ya tabbatar ta san da zuwansa. Ya yi allurar rigakafi ya karɓi katinta. Kada ya cusa kilishi a jaka, a filin jirgi za a zubar. Maƙwabcinsa Jonah, mai ɗaukar hoton fasfo, Ambasada yake ce masa, wai mutumin da ya tura yara ƙasa goma amma shi ko Maraɗi bai taɓa leƙawa ba.

Kafin duk wannan, abu ɗaya yake fara yi: ya jera takardun ɗalibi a kan tebur, ya bi sunan da yatsa, harafi bayan harafi. Dalilin a kansa ya faru. Sunansa na yanka Muhammadu, amma da yake sunan kakansa ne, mahaifiyarsa ba ta faɗa, sai Mati ya bi shi. Hedimasta ya rubuta Mati Gozaki, aka mai da garinsu sunan uba. A 1994 ya samu tallafin karatun noman auduga a waje, fasfonsa kuma ya fito da Muhammadu Mahadi, sunansa na yanka da na mahaifinsa. Masu makarantar suka aiko suna tambaya ko mutum biyu ne. Kafin takardar rantsuwarsa ta isa ta gidan waya, an riga an ba wani gurbin.

A bara Bushra ta gama digiri a kimiyyar ƙasar noma, ta samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Malesiya. Fasfon ita ta yi abinta a Katsina tun tana makaranta, uban bai taɓa buɗe shi ba. Wata ranar Laraba ta kawo masa jakar takardunta don ya tura, domin Litinin za a rufe karɓa. Ta koma gida girki, shi kuma ya jera su kamar yadda ya saba.

Takardun makaranta duka Bushra Mati Gozaki ne, don shi ya kai ta firamare da hannunsa. Fasfo ya ce Bushra Muhammad. Ya bi sawun abin, daga fasfo zuwa katin ɗan ƙasa, daga nan zuwa takardar haihuwa, sai ya tuna. Ranar da aka rubuta ta yana Funtua gyaran tafireta. Malamin asibiti ya tambayi Suwaiba sunan uban jaririya, ita kuwa ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ko a ɗaka. Ta sunkuyar da kai ta ce sunan Manzo gare shi. Malamin ya rubuta Muhammad. Da yamma ta ba shi labari suka yi dariya, aka ninke takardar aka sa a adaka.

Ya san gyaran sarai: rantsuwa a kotu cewa sunayen na mutum ɗaya ne, da sanarwa a jarida, a haɗa a tura. Aikin yini guda ne. Ya kuma san idan ya tura takardun yadda suke, za su iya dawowa da tambaya bayan an rufe, ba kuma wanda zai ce laifinsa ne. Bushra za ta zauna, wataƙila ta samu koyarwa a nan kusa.

Bai tura ba, bai kuma gaya wa Bushra ba. Laraba ta wuce. Ran Alhamis ya buɗe shago ya yini bai kunna kwamfuta ba. Jonah ya leƙo bayan azahar ya tambaya ko ofishin jakadanci na yajin aiki ne, ya ga fuskar Malam Mati, ya ajiye masa rake ya koma. Da la'asar Malam Mati ya koma gida ya iske Bushra a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce ta yi magana da Salama matar Jonah, za ta riƙa aiko masa da tuwo idan ta tafi, shi dai ya riƙa ba da masara. Ta kuma rubuta masa lokutan shan maganin hawan jininsa ta manna a ƙofa. Ya tsaya ya karanta takardar har ƙarshe.

"Auta, gobe da sassafe za mu Funtua," in ji shi. "Sunanki bai daidaita ba."

Ta duba fasfon, ta duba takardar digirin. "Baba, tun yaushe ka gani?"

"Tun jiya."

Ta ɗago ta dube shi, ba ta tambayi dalilin shirun ba. Ta ce bari ta goge masa babbar riga.

Ƙarfe tara na safiyar Juma'a suna gaban magatakardan kotu. Bushra ta rantse, shi ma ya rantse cewa shi ne Mati, shi ne Muhammadu, kuma Gozaki gari ne, ba mutum ba. Magatakardan ya yi dariya ya ce a makon nan su ne na huɗu. Suka ba da sanarwar ga wakilin jarida, ta fito ran Lahadi, Malam Mati ya tura komai a ranar kafin magariba. Jami'ar ta karɓa ba tare da wata tambaya ba.

Mako biyar ke nan da ya raka ta filin jirgin Kano, ya dawo a motar haya shi kaɗai a kujerar baya. Can sun riga mu da awa bakwai, don haka da hantsi take kira, lokacin ita ta fito daga aji, shi kuma shago ya cika. Yawanci gaisuwa kawai suke yi. Har yanzu ɗalibai na zuwa, yana jera takardunsu, ya kuma ƙara tambaya ɗaya: wa ya je asibiti ranar da aka rubuta takardar haihuwar?

Tuwon Salama yana zuwa kullum, amma miyar ba ta karɓe shi ba, ya fara gwada yin tasa. Ranar Asabar da ta wuce ya ɗauki babbar tukunyar gidan ya kai wa Salama, ya roƙe ta ta musanya masa da ƙarama.