Kaset Goma Sha Huɗu na Rahmatu

Ranar Talata ce, cikin watan Nuwamba na 2002. Da ƙarfe biyar da rabi na asuba Malam Abdulganiyu ya dawo daga masallaci ya tarar da 'yarsa Rahmatu tana guga a tsakar gida. Da ƙarfe shida da kwata ya kunna rediyo, rediyo ya ƙi magana. Ya buɗe bayansa, babu batir.

"Uwata, kin sake yi mini sata," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba.

"Aro ne, Baba. Labaran yau irin na jiya ne, ba ka rasa komai ba."

Ƙarfe bakwai ta ɗaure rakoda a bayan babur ta nufi wata makarantar firamare a unguwar Kamsaoghin. Ta dawo da azahar, ta ci tuwo a tsaye, mahaifiyarta Kulu tana yi mata faɗan ci a tsaye. Daga ƙarfe biyu zuwa huɗu ta rufe ɗaki tana kwafe abin da ta ɗauko. Ta bango Malam Abdulganiyu yana jin muryar wata malama tana koyar da raba lissafi. Jimla ɗaya ce, a mayar da ita baya, a sake, a mayar. Ya ƙirga sau tara. Da ƙarfe huɗu da rabi ta fita zuwa unguwar Pissy wurin wani malami. Ƙarfe biyar da minti goma wata motar tsakuwa ta same ta a kwana. An yi jana'iza washegari da hantsi.

Shekarunta talatin da huɗu. A nan Zangon Wagadugu aka haife ta, a gidan da kakanninta fataken goro suka gina. Ta koyar a firamare shekara takwas, aurenta ya mutu ta dawo gida, daga baya aka mayar da ita makarantar horar da malamai. Can aka zaɓe ta cikin mutum shida da za su yi doktora a wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i biyu, ɗaya a Wagadugu, ɗaya a Yamai: wata shida nan, wata shida can, farfesa biyu, digiri ɗaya. Malam Abdulganiyu injiniyan ruwa ne mai ritaya, ya yi jami'a, kuma ta yi masa bayanin aikin ya fi sau uku. Kullum kai yake gyaɗawa. Sai da ta rasu ya gane bai taɓa fahimta ba.

Bayan addu'ar bakwai aka buɗe ɗakinta. Tufafi da sarƙa ba su ba kowa wahala ba. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado ne ya tsayar da komai. A ciki akwai littattafan shirin darasi goma sha huɗu, kowanne an yanke sunan mai shi da reza, da kaset goma sha huɗu, da shafi ɗari biyu da sittin da ta buga da tafireta. A kan kowane littafi da kaset ɗinsa ta rubuta sunan goro: Marsa, Minu, Gandi, Labuje, Daushe, da sauransu.

Farfesan Wagadugu ya zo gaisuwa, ya ce a ba shi akwatin, takardar da ke nuna wane ne wane tana Yamai. Bayan kwana huɗu wasiƙar farfesan Yamai ta iso, ya ce a aika masa akwatin, takardar sunaye tana Wagadugu. Malam Abdulganiyu ya nemo yarjejeniyar jami'o'in ya karanta da fensir a hannu. Sashe na tara ya ce kayan bincike mallakar ɓangarorin biyu ne tare. Bai ce a hannun wa ba.

"To a raba mana," in ji Kulu. "Bakwai nan, bakwai can."

"Ba gado ba ne."

"In ba gado ba ne, mene ne yake yi a ɗakin mamaci?"

Ya tambayi liman. Liman ya tambaye shi ko marigayiyar saya ta yi ko aro, ya ce bai sani ba.

Wadda ta sani ta zo ranar Juma'a. Madam Awa, malamar aji uku, ta zauna a bakin tabarma ta yi gaisuwa, ta ƙi tashi har sauran mata suka fita.

"Baba, muryata tana gidan nan."

Ta yi bayani a hankali. Doka ta ce a aji Faransanci kaɗai. Amma yaro in ya kasa gane rabawa, kowane malami yakan rage murya ya faɗa masa da Mosanci ko Hausa, sannan ya koma Faransanci kamar ba a yi ba. Wannan rage muryar Rahmatu take bi tana ɗauka, don a koya wa sababbin malamai yin sa da tsari, ba a ɓoye ba.

"Ta rantse mana sufeton makarantu ba zai ji ba, farfesa ma ba zai ji ba. Rubutu kawai za su gani. Ta ce kowa zai karɓi kayansa."

"Ke wace ce a ciki? Marsa, babban goro?"

Madam Awa ta ɗan yi dariya. "Da wannan jikin, Baba? Ban sani ba. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce takardar sunaye a cikin kanta take."

Kwana da kwanaki yana juya abin. In ya riƙe kayan, aikin shekara uku ya mutu a ƙarƙashin gado. In ya miƙa, ya mayar da 'yarsa maƙaryaciya. Ko ya so mayarwa ma, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, kuma zagaya makarantu da tambaya tonon asiri ne. Ga shi an riga an shafa wa bangon layinsu jan fenti, ana cewa unguwar tashi za ta yi.

Kulu ce ta ce, ba tare da ta ɗago daga tsintar shinkafa ba, "Malam, kai ba ka san su ba, amma kowa ya san rubutun hannunsa."

Madam Awa ta kai saƙo baki da baki. Ranar sadakar arba'in aka jera littattafan a kan gadon Rahmatu, kowanne da kaset ɗinsa a kai, aka saki labule. Cikin masu zuwa addu'a wasu sukan ratse su shiga ɗakin ɗaya bayan ɗaya, su fito da jaka a hammata. Malam Abdulganiyu ya juya kujerarsa ya ba ƙofar baya.

Da la'asar saura ɗaya, Daushe. Ya jira mako biyu, babu wanda ya zo. Sai ya buɗe littafin, karo na farko. Rubutun Rahmatu ne, na shekarar da ta fara koyarwa.

An raba tufafin ga 'yan uwa da maƙwabta. Babur ɗin bai gyaru ba, an ba bakanike. Shafi ɗari biyu da sittin ɗin ya yi kwafi biyu, ya duba lambar kowane shafi, ya aika ɗaya jami'ar nan, ɗaya Yamai, rana guda. Farfesoshin duka biyu sun rubuto suna tambayar kaset, ya amsa musu da jimla iri ɗaya: masu kaya sun karɓi kayansu. Bai san ko wani ya ci gaba da aikin ba.

Batiran ya mayar cikin rediyo. Kaset ɗin Daushe ya bi su zuwa sabon gidan da suka koma bayan an rushe Zango, yana cikin aljihun tebur. Kulu takan ce ya saka shi su ji. Shi kuma har yau bai tantance ba ko alkawarin da ta yi wa malaman ya haɗa da ita kanta.