Gizo-gizon Baba Mai Fensir

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Fensir ya yi yana zana al'aurar gizo-gizo, kuma har ya bar aiki dangin matarsa sun ɗauka zakuna yake zanawa. In aka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara murya ya ce yana sashen nazarin dabbobi a jami'a. Gaskiya ce, an dai shafa mata hoda.

Ɗakin aikinsa na can ƙarshen baranda, bayan banɗakin ɗalibai. Kanta huɗu ne cike da kwalabe, kowace da ruwan sifirit mai hana ruɓewa da gizo-gizon da bai kai kwarkwata ba, irin waɗanda ake tsintowa cikin ruɓaɓɓen ganye a daji mai yawan ruwa. A ido duk ɗigo ne. Launi da ƙafa ba sa raba su, sai an kwantar da bawan Allah ƙarƙashin na'urar ƙara girma an leƙa inda bai kamata ba. Farfesan sashen ke leƙawa ya faɗi ko wane jinsin gizo-gizo ne, Baba ya zana. Shi kuwa mutum ne da ko ɗakin matarsa ba ya shiga sai da sallama.

A shekararsa ta ashirin da biyar a bakin aiki Farfesa ya saka masa da alheri. An samo wani namiji mai tozo a ka wanda ba a taɓa gani ba, Farfesa ya raɗa wa jinsin sunan Baba, da jelar Latin a ƙarshe. Baba ya sa takardar a firam ya rataye a falo. Matarsa ta ɗauko tabarau ta duba, ta ce mazan wasu matan, tituna ake sa wa sunansu, nata kuwa an sa wa abin da take kashewa da tsintsiya. Duk da haka ita ke goge gilashin kowace safiya.

Saura wata uku ya yi ritaya aka kawo sabon buhun ganye daga daji. Yana tankaɗewa a farin tire sai ga takwaran nasa mai tozo, da ransa, manne da wata mace, ba kunya ba tsoron Allah. Ya ɗora su a na'ura ya leƙa. Macen ya san ta ciki da bai, shi ya zana ta tun da daɗewa. Ita ce jinsin da Farfesa ya sa wa sunan surukarsa don a zauna lafiya a gida. Ashe mata da miji ne aka raba wa kwalba, aka ce jinsi biyu ne.

Dokar sana'ar ba ta da tausayi. In jinsi ɗaya ya tashi da suna biyu, tsohon ke zama, a share sabon, kuma surukar ta riga shi da shekara tara. Ba wanda ya gani sai shi, babban yatsa ɗaya kuma ya isa ya kashe maganar. Ya zauna har shayinsa ya huce, ransa a jagule, domin ban da 'ya'yansa ba abin da ke amsa sunansa a duniya sai wannan ɗigon. Can ya fiƙe fensir ya zana su yadda ya same su. Hannun bai iya zana ƙarya ba.

Da ya kai zanen, Farfesa ya duba, sannan ya ce, "Baba, ka san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Na auri surukarka, ta cinye min suna. Daga yau sai ka riƙa gaishe ni a durƙushe."

Farfesa ya yi dariya har da hawaye. Baba ya taya shi, amma tasa ba ta wuce haƙori ba.

Da ya koma gida da yamma ya sauke firam ɗin, ya yi wa matarsa bayani tiryan-tiryan, har da abin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana zanawa. Ta ce ai ta sani tun amarcinsu, ita ke zazzage aljihunsa kafin wanki. Ta karɓe firam ɗin ta goge da gefen mayafinta, ta mayar kan ƙusarsa.

"Su share a littafinsu," ta ce. "Wannan bangon nawa ne."