Motar Baba da Doyar Paiko

Motar Baba ta girmi aurena, ta girmi garejina da ke Shango, kuma in za a bi ta bakin mahaifiyata, ta girmi hankalina ma. Irin motocin nan ce na da masu dogon bodi, waɗanda ƙafafun baya ke turawa. Baba ya yi aikin gyara a reluwe kafin ya koma kanikanci, shi ya koya mini riƙe sifana. Sai dai ba ni kaɗai ya koya wa ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Akwai ɗan wani manomi Kirista daga Paiko da ubansa ya kawo gidanmu muna yara don ya koyi aiki. Kwano ɗaya muka ci da shi, tabarma ɗaya muka kwana a kai har muka zama samari. Yanzu yana da nasa garejin a Chanchaga, furfura ta kama mu duka. Ban taɓa ƙin sa ba, Allah shaida ne. Abin da na ƙi shi ne yadda Baba ke nuna shi da baki ya ce, "Wannan kunne gare shi." Ni kuwa ƙarfin hannu ake yaba mini, sai ka ce don kwance noti aka haife ni.

Bara, lokacin sabuwar doya, motar ta fara kuka daga baya. Baba ya tsufa, amma duk ranar kasuwar Paiko sai ya tuƙa da kansa ya sayo doya, ta gidanmu da ta dangi. Ya ce mini wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, yana jin sa a gadon bayansa kafin ya iso kunnensa. Ranar na ji daɗin da ban faɗa wa kowa ba, domin hanyarsa ta bi ta ƙofar garejin Chanchaga, amma ya wuce, ya sauke kaya a gida, ya kawo mini motar.

Na zaga da ita cikin gari ban ji komai ba. Na ɗaga ta a jak, na sa giya tayoyin suna juyawa, na kafa dogon sukudireba a jikin aksul, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, na manna kunnena a mariƙin sukudireban. Wani ɗan sauti na ji a tsakiya, ko kuma so na yi in ji. Na yanke hukunci haƙoran da ke cikin aksul ɗin ne. Kwana uku na yi ina kwancewa, ina wankewa, ina saitawa, na zuba sabon mai. Na kai wa Baba makulli ina tafiya kamar wanda ya kashe zaki.

Kasuwa ta zagayo, kuka ya dawo. Maimakon in yi shiru in sake dubawa, sai na ce, "Baba, anya ba kunnenka ba ne? Ka san shekaru." Ya dube ni, ya naɗe hannun rigarsa, ya shige gida.

Mako na gaba mahaifiyata ta kira ni a waya, muna cikin gaisawa ta ce Baba ya dawo daga kasuwa ya tsaya a Chanchaga da motar, doya cike da ita. Na hau babur zuciyata tana tafasa. Da na isa sai na ce wucewa nake yi, ƙaryar da ko ni ban yarda da ita ba.

Ɗan Paiko bai ma ɗauki sifana ba. Yana tsugune a gaban Baba yana tambaya.

"Baba, lokacin tafiya yana yi, ko lokacin dawowa?"

Baba ya yi ɗan tunani. "Wajen dawowa."

"To, motan nan ba ya kuka sai ya dauki doya. Kada a sauke ko guda daya." Ya juyo wajena da fara'a. "Dan'uwa, Allah ne ya kawo ka. Zo ka tuka, ni zan zauna a baya."

Na tuƙa, Baba na gefena, shi kuma ya cusa kansa cikin doya, kunnensa a ƙasan kujera. Muna kama titi gurnanin ya taso, sarai, ba mai musu. Ya ce in ɗaga ƙafa daga totur. Na ɗaga, kukan bai sauya ba, kuma na san da haƙoran ciki ne da ya sauya murya. Ya ce in karkata dama. Nauyin doya ya kwanta hagu, kukan ya ƙaru. Na karkata hagu, ya lafa. Kafin ya buɗe baki na riga na sani: boris ɗin ƙafar baya ta hagu ne, zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya cinye, amma ba ya ƙorafi sai an danne shi da kaya. Wannan darasi tare Baba ya koya mana, rana ɗaya, a ƙarƙashin bishiya ɗaya. Ni motar da ba kaya na yi ta gwadawa, ban ko tambayi mai ita yaushe take kukan ba.

Aka sauke doya, ɗan Paiko ya zare shaf, sandar ƙarfen da ke juya tayar, ya ciro boris ɗin. Cikinsa duk ya yi rami-rami. Baba ya juya shi a tafin hannu yana gyaɗa kai. Sai ɗan Paiko ya ce, "Baba, aikin da dan'uwana ya yi a tsakiya mai kyau ne fa. Shi ya sa na gane da sauri." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kirkinsa ya ƙona mini rai fiye da ƙwarewarsa, domin ya hana ni ko abin da zan riƙe in ji haushinsa.

Bayan la'asar aka gama, aka mayar da doya. Baba ya ce ɗan Paiko ya shigo su je gida, tsohuwa ta yi sakwara. Ni ma ya ce in biyo su, ba tare da ya dube ni ba.

Na bi su a babur, na matsa kusa da bayan motar har hayaƙinta na dukan fuskata. Na karkatar da kai ina saurare. Ta gilashin baya ina hango su, Baba na magana da hannu, ɗan Paiko na dariya. Muka wuce Shango, muka sha kwana biyu, motar tana tafiya sumul, doya cike da ita. Sai da muka tsaya a ƙofar gida, na kashe babur, sannan na gane cewa duk tsawon hanyar nan roƙon Allah nake yi motar mahaifina ta yi kuka.