Ranar da Tanka Ta Kauce

Shekara goma sha huɗu Anti Direba ta yi tana ɗaukar kwalaben jini daga ƙananan asibitoci zuwa babban ɗakin gwaji, awa uku zuwa, awa uku dawowa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta ɗaya tana aure a nesa, sai dai waya ranar hutu.

A da su biyu ne, ita da Dogo, suna karɓa-karɓa a sitiyari. Dogo sarkin surutu ne, ko ramin hanya sai ya ba shi labari. Da kamfani ya sayo sabuwar mota aka ce direba ɗaya ya isa, aka sallame shi.

Makanikin kamfani ne ya nuna mata yadda motar take. "Ki saita gudun da kike so, ki zaɓi tazara. Akwai na'ura a hancinta mai ganin motar gaba. Ta gaba ta rage, ita ma ta rage. Amma fa Anti, sitiyari da birki naki ne. Abin da ke tsaye cak, ba kullum take ganinsa da wuri ba. In ana ruwa, ko a kwana mai tsanani, ki kashe na'urar."

"Tana hira?" in ji Anti.

Ya kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Kullum da safe takan goge hancin motar da tsumma, ta zaɓi tazara mafi tsawo. Ciwon gwiwarta ya ragu, gaskiya. Sai dai shirun ya yi yawa. Wani lokaci takan buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga jakarta ce a kujerar gefe.

Wata Talata da hantsi tana bin bayan wata tankar mai, motar na riƙe da tazararta lafiya lau. Kwatsam tankar ta kauce hagu. Ga wata ƙaramar mota a mace a tsakiyar layi, mai ita ya sunkuya cikin inji. Motar Anti ta ga hanya ta buɗe, ta fara ƙara gudu. Ƙafarta dama tana dab da birki. Ta taka da iya ƙarfinta, akwatin sanyin da kwalaben ke ciki ya daki bayan kujera. Bai fi taku biyu ba tsakaninta da motar mutumin ta tsaya.

Ya ɗago, ya ɗaga mata hannu, bai ma san abin da ya tsallake ba.

Ta gangara gefe. Ta duba kwalaben, babu wadda ta fashe. Sai ta kira Dogo. Matarsa ce ta ɗauka.

"Ayya Anti, ya fita, ya bar wayar a caji. Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Gaisuwa ce kawai."

Ta zauna har numfashinta ya daidaita, sannan ta hau hanya. Ragowar tafiyar ta kashe na'urar, da ƙafarta ta riƙa sarrafa gudun motar.

A ɗakin gwaji mai karɓar kaya ta dubi agogo. "Yau kin makara, Anti."

"Hanya ce," ta ce, ta sa hannu a takarda.

Ta koma mota ta buɗe kular abincinta, ta ci rabi, ta rufe. Ƙarfe biyu akwai wasu kwalaben suna jiranta.