Baba Latsa-Nan da Shuɗayen Kalmominsa

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsakiyar aiki waya ta yi ƙara a teburina. Shugabar ofishinmu ce, wadda ita ce babbar 'yarka. Muryarta a dashe take amma a natse, ta ce, "Baba ya cika." Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa. Ka tafi bayan gajeruwar jinya, kana da shekara saba'in da 'yan kai, ka bar mu muna kallon kujerarka ta bakin taga.

Baba, na zauna rubuta wannan da niyyar kuka, sai na tarar kusan duk abin da na tuno dariya yake ba ni. Ka yi mini afuwa, kai ka jawo.

Shekarun ƙarfinka duk a maɗaba'a ka yi su, kana gyaran rubutu kafin a buga. Da ka yi ritaya sai ka rasa abin gyarawa, ka koma kan gida. Ka gyara rubutun jikin gwangwanin madara, ka gyara katin gayyatar maƙwabta bayan an riga an raba, ka tsayar da mai fentin allon shagon ƙofar gida ka nuna masa harafin da ya tsallake. Mai ɗakinka, wadda duk muke kira Inna, ta gaji ta kira 'yarku ta ce, "Zo ki ɗauki mahaifinki ki ba shi abin yi, kafin ya fara gyara ni."

Haka ka shigo ɗan ofishinmu na saman bene, mai fanka mai kuka da butar shayi guda. An ce ka zo shan shayi ne kawai. Aikinmu shi ne taimaka wa masu ƙananan sana'o'i shafukansu na intanet su fito gaba idan mutum ya nemi wani abu a injin bincike. Ni nake rubuta bayanan shafukan. Akwai kuma sashen da kowa ke gudu, wato bin diddigin mahaɗai. Idan wani shafi ya ambaci naka, yakan sa hanyar da za a latsa a iso wurinka, kuma hanyar kan rataya ne a jikin wasu 'yan kalmomi, galibi shuɗaye masu layi a ƙasa. Injin bincike yana karanta waɗannan kalmomi don ya gane ko kai wane ne a bakin mutane. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an tantance, aiki mai sa hamma.

Ka leƙo ta kafaɗata da tabarau a kan hanci, ka tambayi ko mene ne wannan. Da na gama yi maka bayani sai ka ajiye kofin shayi ka ce, "Wato abin da ake faɗa a kanka ba ka nan. To ai wannan aikin tsofaffi ne, ku ba ni wuri."

Da yatsa biyu ka koyi kwamfuta, kana dukan madannai kamar sun yi maka laifi. A gida kana kiran 'yarka Uwata, don sunan mahaifiyarka ta ci, amma da zarar ka tako ofis ta zama Shugaba. Ko fita sallah za ka yi sai ka miƙe ka nemi izini, ita kuwa ta rufe fuska da gyale don kunya, mu kuma mu yi ta ƙunshe dariya.

Sunan da ya bi ka ma kai ka jawo wa kanka. Babu abin da ke ɓata maka rai kamar ka ga an rataya mahaɗi a jikin kalmomin "latsa nan". Sai ka cire tabarau ka ce, "Nan ina? Rijiya ce ko shagon magani? Mutum ya yi maka alheri ya nuna gidanka, amma ya ƙi faɗin sunanka." Daga nan sai ka tura wa mai shafin saƙo mai ladabi, ka gaishe shi da iyalinsa, ka yaba rubutunsa, sannan ka roƙe shi ya sa kalmar da ta dace. Da yawa sun gyara, wasu ma sun zama abokan gaisawarka. Mu kuma muka sa maka Baba Latsa-Nan, ka yi kamar ka ji haushi, amma ran nan na ji ka kana gabatar da kanka da shi a waya.

Abin da ba zan manta ba shi ne maganar mai ɗinka takalma. Mutumin ya zo mana shagonsa na gab da rufewa, kasuwa ta cika da takalman kamfani. Wani ya yi masa alkawarin watsa masa ɗaruruwan mahaɗai a shafukan da babu kowa a cikinsu, duk da kalmomi iri ɗaya: "takalman zamani masu araha". Ya ce ko mu yi masa haka ko ya tafi wurin wancan. A lokacin ba mu da abokan hulɗa da yawa, kuma na ga Shugaba ta fara tunanin amincewa.

Ka miƙe tsaye, yadda ka saba, ka ce, "Shugaba, a ba ni izini. Idan taron mutane suka shigo ɗaki suna yabonka da jimla ɗaya, har inda ake numfasawa ɗaya, kowa ya san hayarsu aka yi. Injin ma zai gane, ya tura bawan Allah can ƙasa inda ba mai ganinsa. A bar ni da shi zuwa ƙarshen mako." Ta amince ba don ta so ba. Ranar ce kaɗai na ga uba da 'ya sun tashi aiki ba wanda ya kalli wani.

Mahaɗan da mutumin yake da su 'yan kaɗan ne, amma ba ka tsaya kan shuɗayen kalmomin kawai ba. Ka buɗe kowane shafi ka karanta zancen da ke kewaye da su. Ko mutum ɗaya bai kira shi mai takalman zamani ba. A wani zauren intanet na masu ciwon suga an rubuta "takalmin da ba ya cin ƙafa". Wata uwa ta rataya nata a kan "wanda ya sa ɗana ya daina ɗingishi". Wani tsoho ya ce "mai auna ƙafa da haƙuri". Ashe mutumin yakan yi wa masu lalurar ƙafa takalma na musamman a bayan shago, yana ɗaukar abin taimako ne kawai, ko a shafinsa bai ambata ba.

Ba ka kira shi ofis ba. Ka ce in raka ka, muka je shagon, ka zauna kan benci cikin warin fata da gam, ka karanta masa su a hankali kamar mai karanta gaisuwar 'yan uwa. Ya ajiye basillarsa ya ce, "Ashe sun rubuta?" Ka ce, "Sun rubuta, kai ne ba ka saurara ba."

Muka sake rubuta shafinsa bisa abin da mutane suka riga suka san shi da shi, ba mu sayi mahaɗi ko ɗaya ba. Abin bai zo da sauri ba, har Shugaba ta fara ramewa. Amma kafin shekara ta zagayo, ƙungiyoyin majinyata da masu gashin ƙashi suna nuna shagonsa, kowa da kalmomin bakinsa, shi kuma ya fasa rufewa har ya ƙara ma'aikata. Ya ɗinka maka takalma na godiya, sun yi maka cif, sai dai suna ƙara a kowane taku. Tun daga ƙasan bene muke jin zuwanka, kowa ya gyara zama ya rufe abin da bai kamata yana kallo ba.

Alherinka bai tsaya kan baƙi ba. Lokacin da matata ta haifi bakwaini muka tare a asibiti, kai ka karɓi aikina ba tare da an roƙe ka ba. Na dawo na tarar ka rubuta shafukan duka da yatsunka biyu, kuma ban sami abin gyarawa ba, duk da na nema.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarka na je duba ka. Jiki ya yi rauni amma idanunka na nan da tsokanarsu. Ka tambayi lafiyar yarana, kowa da sunansa, ka sa na ɓare maka lemo ka sha rabi ka ba ni rabi. Da zan tafi ka riƙo hannuna, 'yarka tana tsaye a bakin gado, ka ce, "Ka gaya wa Shugaba ina neman hutu. Wannan karon ba sai ta sa hannu ba." Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce, "Ban amince ba, Baba." Ka ce, "Daga sama aka amince, Uwata."

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata makwancinsa, ka haskaka shi, ka karɓi kyawawan ayyukansa ka shafe kurakuransa, ka saukar da shi Aljannar Firdausi cikin bayinka na gari.

Inna, Allah ya ba ki haƙuri da juriyar wannan rashi, ya saka miki da alheri kan zaman da kika yi da shi. Shugaba, da ke da ƙannenki da jikokinsa, Allah ya dafa muku, ya haɗa kanku, ya sa albarka a bayansa. Mu kuma da muka yi zama da shi, Allah ya kyautata namu ƙarshen, ya sada mu da shi a gidan da babu rabuwa. Ka huta lafiya, Baba. Amin.