Mikail da Ƙarfen Sabis na Dala

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da su Mikail a Dala. Tun yana yaro, in ka tambaye shi hanyar Kasuwar Kurmi sai ya haɗa maka da tarihin kowane lungu, ko ka so ko ba ka so. Da mahaifinsa ya rasu, uwarsa Baba 'Yardada ta sayar da gonar gado aka kai shi koyon tuƙin jirgin sama. Daga nan bakinsa ya ƙara faɗi. Har hoton ɗaurin aure sai da hular matuƙa ya ɗauka, kamar wani zai ƙwace masa ita.

Bana kamfanin da ya ɗauke shi ya shigar da shi gwajin ƙarshe. Idan ya ci, ya zama mataimakin matuƙi; idan ya faɗi, ya kama gabansa. A cikin na'ura ake yi, wani ɗaki mai kwaikwayon jirgi, an zuba masa taswirar Kano da tsayin kowane dutse da gini. Jirgi na tashi sai a kashe maka inji ɗaya, a rufe ka da gajimare. Da inji ɗaya da ƙyar jirgi yake hawa. Ka'idar kuwa ba ta da wuya: ka zuba ido kan agogunan gabanka, ka miƙe bisa layin da aka tsara, kada ka karkata sai ka haye tsayin da ya fi duk abin da ke ƙasa.

Gogan naku sai ya tuna shi ɗan gari ne. Ya san inda Dutsen Dala yake, ya san ta gefensa babu komai sai rufin gidaje. Ya karya kwana tun bai kai tsayin ba, wai zai nuna wa mai gwajin gajeriyar hanya. Na'ura ta yi ƙara, allo ya yi ja. Ya kauce wa dutsen sarai, ya daki ƙarfen sabis na wayar salula.

Ina wajen lokacin da ya bugo wa uwarsa, domin ni nake riƙe mata waya, kunnenta ya yi nauyi. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Baba, zaluntata aka yi! Na'urar ƙarya take. Wai akwai dogon ƙarfe a unguwarmu. Ni za a gaya wa Dala?"

Tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi ƙarfen da ya tsaya a bayan ɗakinta, ta daɗe tana kallonsa.

"Mikailu," ta ce, "tun kafin azumin bara waccan aka kafa shi. A inuwarsa nake tsintar shinkafa. Da ka leƙo ka gaishe ni, da ka gan shi."